Dala Hamsin ko Maraƙi: Yajin Aikin Kaboyi a Kogin Canadian, 1883

Duk wanda ya riski zamanin silima a garuruwanmu ya san kaboyi: malafa a ka, bindiga a ƙugu, ya shigo gari a kan doki ya yi abin da ya ga dama ya fice, babu mai ce masa kanzil. Abin da majigi bai taɓa nuna mana ba shi ne ranar biyan albashi. Kaboyi na gaske makiyayin haya ne, yaron gidan mai shanu, dokin da yake kai ma yawanci na ubangidansa ne. A ƙarshen hunturun 1883, a wani lungu na arewacin jihar Teksas ta Amurka, mutum 24 daga cikin irin waɗannan makiyaya suka haɗu a daji suka rubuta takarda suka sa hannu, cewa bayan 31 ga Maris sun ajiye aiki sai an ƙara musu kuɗi.

Takardar gajeruwa ce. Ba za su yi aiki a ƙasa da dala 50 a wata ba, ba kuma za su bar wani ya yi ba. Kukun da ya iya girki, shi ma dala 50. Mai jan ayarin aiki, dala 75. Wanda ya karya alkawari ya kuka da kansa. Wanda ba shi da kuɗin ci da na kwana, za a ɗauki nauyinsa kwana 30 a garin Tascosa. Suka kira kansu kaboyin Kogin Canadian, kogin da ya ratsa yankin. Sunan farko a jerin na Tom Harris ne, shugaban ayari a gandun shanu na LS. Can wajen ƙasa akwai wani Juan A. Gomez, wanda sunansa kaɗai ya isa ya tuna wa mutum cewa daga makiyayan Meksiko aka koyo sana'ar, har sirdin da igiyar zargen.

Ko sau ɗaya ba a ambaci maraƙi a takardar ba. Ni kuwa a ganina saboda maraƙi aka rubuta ta.

Ƙasar da mutanenta

Yankin ana ce masa Panhandle, wato mariƙin kasko, saboda yadda ya miƙe daga jikin Teksas a taswira. Fili ne fetal, ciyawa gajeruwa, iska ba dare ba rana, itace sai a bakin rafi. Shekara goma kafin yajin, ƙasar ƙabilun Komanci da Kiyowa ce, 'yan asalin wurin, da ɓauna ba ta ƙirguwa. Yaƙin Red River na 1874 zuwa 1875 ya kora mutanen zuwa inda gwamnati ta killace su, mafarauta masu neman fata kuma suka ƙarar da ɓaunar cikin 'yan shekaru. Ciyawa ta zauna ba mai ci. A 1876 wani mai shanu, Charles Goodnight, ya koro shanunsa cikin kwazazzabon Palo Duro. A shekarar ce kuma Casimero Romero da wasu makiyayan tumaki daga New Mexico suka yada zango a bakin wani rafi mai taɓo, wurin da ya zama Tascosa. Sunan ma daga kalmar Sifaniyanci ta taɓo ya samo asali. Ƙidayar 1880 mutum 1,607 kacal ta samu a duk yankin.

A lokacin, yawancin ƙasar ta gwamnatin jiha ce, ba shinge ba iyaka. Wanda ya riga kama bakin ruwa shi ke da ciyawar da ke kewaye da shi, a aikace ko da ba a takarda ba. Shanun kowa a sake suke, suna cakuɗa da na kowa, lalas ɗin da aka ɗana wa saniya a jiki shi ke nuna mai ita. Da sunan lalas ɗin ake kiran gandun gaba ɗaya: LIT, LX, LS, LE, T Anchor. Waɗannan biyar ɗin ne yajin ya fi shafa.

Masu gandun na farko mutane ne da suka hau doki suka koro shanu da kansu. Ba su daɗe ba. Farashin nama ya haura a Shikago, ya kai ƙololuwa a 1882, labari ya isa Landan da Edinburgh cewa akwai ƙasar da ciyawa kyauta ce, saniya na haihuwa ba mai ba ta dusa. George Littlefield, wanda ya kafa LIT a 1877, ya sayar da shi a 1881 ga kamfanin Prairie na Edinburgh a kan kuɗin da ya kusa dala dubu 250, kamfanin da ya riƙa raba wa masu hannun jari ribar kusan kashi 20 cikin 100 a shekarun nan. LX na wasu attajiran Boston ne, Bates da Beals. LS na W. M. D. Lee ne da wani mai banki a Kansas, Lucien Scott. Ubangida ya tashi daga mutumin da kuke cin tuwo a akushi ɗaya ya koma manaja mai littafin lissafi, wanda shi ma yana da waɗanda zai yi wa bayani a ƙetaren teku.

Abin da ake yi a kan dala 30

Albashin kaboyi a lokacin tsakanin dala 25 ne zuwa 40 a wata, gwargwadon ƙwarewa, ci a kan gandu. Sirdi nasa ne, da linzami da ƙaimi da bargon kwana. Sirdi mai kyau kan cinye albashin wata guda ko fiye, shi ya sa a bakinsu idan aka ce wane ya sayar da sirdinsa, ana nufin tasa ta ƙare. Dawaki na gandu ne. Ana ware wa kowa nasa, shida zuwa goma, domin dokin da ciyawa kawai yake ci ba ya jure yini guda a guje. Sai an sauya biyu ko uku kafin faɗuwar rana. Dawakin da aka ware wa mutum ba mai hawansu sai shi. Idan shugaba ya zare doki ɗaya daga cikinsu ya ba wani, ba sai ya buɗe baki ba, sallama ce.

Gidansu a lokacin aiki keken abinci ne, amalanke mai ƙafa huɗu da akwatin kuku a bayanta, dabarar da ake danganta wa Goodnight tun 1866. Kuku ke fara tashi, tun duhu. Kofi baƙi ƙirin, burodin tsami da aka gasa a tukunyar ƙarfe da garwashi a kan murfi, wake, naman sa ko na alade mai gishiri. Gobe ma haka, jibi ma haka. Wanda ya ga an sa wa kuku dala 50 daidai da mahayi a takardar yajin kada ya yi mamaki: ayari kan watse saboda mugun kuku, kuma ko shugaba ba ya kusantar keken abinci ta inda iska za ta kwaso ƙura ta zuba a tukunya.

Babban aikin shekara shi ne tattara shanu da bazara. Sanyi ya kora su kudu, sun bazu a ɗaruruwan kilomita, sun haihu a can. Gandaye kan haɗa kai, kowa ya turo kekensa ko wakilinsa. Kafin gari ya waye mahaya sun fita a da'ira mai faɗi, shugaba yana sauke su bibbiyu a hanya, kowa ya koro abin da ya gani zuwa tsakiya. Zuwa hantsi ko azahar an tara garke na dubbai a wuri ɗaya, ƙura ta tashi, shanu na kuka, uwa na neman ɗa. Sai a sauya doki a shiga tsakiya a riƙa ware na kowa. Ana hura wuta a jefa ƙarafan lalas. Mahayi ya wurga zarge ya kamo maraƙi, ya jawo shi bakin wuta yana faɗin lalas ɗin uwarsa da ƙarfi, don maraƙi na mai uwarsa ne. Mutum biyu su kayar da shi su danne, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya. Mai ƙarfe ya ɗana, ƙaurin gashi ya tashi. Mai wuƙa ya tsaga kunne da shaidar gandun, in namiji ne ya fiɗiye shi. Mai littafi ya ja layi. A saki, a kamo wani. Haka har magariba, kwana da kwanaki, makonni a jere, babu Lahadi.

Dare ma ba na barci ba ne duka. Garken da aka tara sai an tsare shi, kowa na da awa biyu. Mutum biyu na zagaya shanun ta fuskoki biyu, suna 'yar waƙa ko fito a hankali don kada wani motsi ya zo wa dabbobin ba zato. Da taurari suke gane lokacin tashin na gaba. Walƙiya ɗaya, ko doki ya girgiza sirdi, sai garke ya zabura gaba ɗaya. A nan aikin shi ne ka bi su a sukwane cikin duhu, a ƙasar da ke cike da ramukan dabbobin daji, ka kamo na gaba ka karkata su har su riƙa zagaye su gaji. Doki ya zurma ƙafa a rami, an gama. Faɗuwa daga doki, ƙafa ta maƙale a likkafa doki ya ja mutum, nutsewa a kogi, tsawa, ciwon haƙarƙari: waɗannan suka fi kashe kaboyi, ba harsashi ba.

Kogin Canadian yana da nasa aikin na daban. Yashinsa na haɗiye ƙafa. Da bazara wani ƙuda kan addabi shanu a dunduniya, su ruga cikin ruwa don tsira, saniyar da hunturu ya ramar sai ta kafe. Akwai mahayan da aikinsu ke nan, bin gaɓar kogi suna neman wadda ta kafe. Mutum ya cire takalmi ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya tone ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da hannu ko shebur, ya ɗaura mata igiya a ƙaho, ya hau doki ya ja. Sau da yawa ladan da saniyar kan ba shi in ta miƙe shi ne ta biyo shi da ƙaho.

Da kaka a sake tarawa, a ware bijiman sayarwa a kora su arewa zuwa tashar jirgin ƙasa a Dodge City ta Kansas, tafiyar makonni. Daga nan sai sallama. Gandu kan riƙe mutum kaɗan su kwana a bukkokin bakin iyaka suna maido da shanun da suka yi nisa, suna fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwa. Sauran kuwa sai yawo daga wannan gandu zuwa wancan, a ci abinci kyauta kwana biyu a ƙara gaba, har ciyawa ta sake tsirowa. Saboda haka dala 30 ɗin nan ta wata bakwai ce ko takwas, ba ta shekara ba.

Maraƙin da ba shi da lalas

Me ke sa saurayi ɗan shekara ashirin ya yarda da wannan wahala a kan wannan kuɗi? Amsar tana cikin wata al'ada da ba a rubuta ba. A farkon zamanin, mai gandu kan bar yaronsa ya yi nasa lalas, ya yi rajistarsa a ofishin gunduma, ya saki 'yan shanunsa cikin na gidan. Wani kan karɓi wani ɓangare na ladansa a maruƙa. Ana barinsa ya riƙe dokinsa. Sannan ga maraƙin da ya kuɓuce wa tarawa, ya girma ya rabu da uwarsa ba lalas a jikinsa. Irin wannan suna kiransa da sunan Samuel Maverick, wani lauyan Teksas da ya bar shanunsa ba shaida, kuma a al'adar dajin na wanda ya riga zarge shi ne. Manyan masu shanun Teksas da dama ta haka suka tara garkensu bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, lokacin da shanu suka yi shekaru suna haihuwa ba mai kula.

Wanda ya san kiwo a ƙasarmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yaron da aka ba kiwo, aka ce bayan watanni kaza yana da maraƙi ko karsana, ba kuɗin yau yake kallo ba. Garken da zai tara nan da shekara goma yake hange. Ka hana shi maraƙin ka ce ga kuɗi, ka sauya masa sana'a ne ba tare da ya bar wurin ba.

Abin da kamfanoni suka yi ke nan. Ta fuskar mai littafin lissafi, hujjarsu a fili take, kuma ba zan ce ba ta da tushe ba. Idan kashi casa'in da tara na shanun da ke wani kwari naka ne, to maraƙin da ba lalas a kwarin nan kusan tabbas ɗan saniyarka ne. Yaron da kake biya ya ɗana wa maruƙanka shaidarka, in yana da tasa shaidar, kullum yana cikin jarrabawa. Akwai kuma masu faɗawa: a tsaga wa maraƙi kunne a ƙi yi masa lalas, don mai wucewa ya ɗauka an gama da shi, in ya bar uwarsa a dawo a ɗana masa wani, ko a ɗauki ƙarfe mai lanƙwasa a ƙara wa harafi ƙafa ya zama wani harafin. Masu gandu sun riga sun kafa ƙungiyarsu a garin Mobeetie tun 1880 da Goodnight a gaba, don maganin ɓarayin shanu. Sai umarni ya fara fitowa gandu bayan gandu: ma'aikaci ba zai mallaki saniya a filin gidan ba, maraƙin da ba lalas na kamfani ne, lada kuɗi ne kawai.

Sai dai ciyawar da kamfanin ke hana yaronsa kiwo a kai ba tasa ba ce. Ta jiha ce, kamfanin ma kyauta yake ci. Al'adar da ya wayi gari ya kira sata kuwa ita ce ta gina gandun da ya saya. Kaboyi sun san wannan sarai, domin wasunsu da hannunsu suka yi wa iyayen gidansu na dā wannan aikin.

To me ya sa takardar ba ta ce a maido musu da maraƙi ba? Ina jin sun riga sun gane wannan ƙofa ta rufu. Lissafin da suka yi shi ne, tunda an mai da mu 'yan albashi zalla, to a biya mu albashin da ya rufe abin da aka ƙwace. Dala 50 kuɗin maraƙin ne. Shi kansa Harris ba talakan ayari ba ne: shugaba ne mai albashi sama da na yaransa, yana kuma da 'yan shanunsa. Mutanen da suka fi kusa da zama masu garke su ne suka fi jin zafin dokar.

Yadda aka yi

Ayarin LS da na LIT da na LX sun haɗu ne a daji wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris suna maido da shanun da sanyi ya kora. A nan aka yi shawara. Dabarar ita ce a tsaya gab da tarawar bazara, lokacin da mai gandu ba ya iya yin komai ba mahaya. Aka tara 'yan kuɗi a asusu, aka tura mutane su zagaya gandaye su jawo wasu. Yawan masu yajin ya riƙa hawa da sauka, wani ya shigo wani ya fita. Ƙiyasin da ake da shi ya kama daga 30 har zuwa 325.

Masu gandu ba su amsa da murya ɗaya ba, amma inda suka dosa ɗaya ne. T Anchor da LE suka kori duk wanda ya shiga, nan take. LS da LIT suka yi tayin ƙari kaɗan, wanda ya ƙi aka sallame shi. Kora a wannan sana'a tana da nauyin da ba ta da shi a masaƙa ko ma'adinai: an karɓe dawaki, an hana ka keken abinci, ga ka a tsakiyar fili da sirdi a kafaɗa. Jaridu, musamman na nesa, suka cika shafi da cewa masu yaji za su ƙone shinge, su karkashe shanu, su far wa masu gandu. Ko ɗaya ba a yi ba.

Abin da aka yi shi ne zaman jira a Tascosa, kuma Tascosa ba garin jira ba ne. Tana da unguwar da ake kira Hogtown, ta giya da caca da mata masu zaman kansu. Samarin da suka yi watanni ba su ga gari ba, ga kuɗi a aljihu, ga ba aikin yi. Asusun kwana 30 bai yi ƙarko ba. A gefe guda kuma bazara ce, lokacin da masu neman aiki ke kwararowa daga kudancin Teksas da Kansas, yara masu ɗokin a ce musu kaboyi, waɗanda dala 30 ta fi ƙarfin abin da suka taɓa riƙewa. Aka ɗauke su, aka ɗan ƙara kuɗi na wucin gadi. Tarawar watan Mayu ta gudana. Bayan wata biyu da rabi yajin ya mutu ba tare da wani ya sanar da mutuwarsa ba. Wani rahoton hukumar ƙwadago ta tarayya ya lissafa shi cikin waɗanda suka yi nasara, amma yawancin masu tarihin yankin faɗuwa suke kiransa, kuma abin da ya biyo baya yana bayansu.

Ana yawan ɗora laifin a kan giyar Hogtown. Ta taimaka, amma ko da sun zauna a daji suna shan ruwan rafi, da wuya sakamakon ya sauya. Sun ba abokan karawarsu sanarwar wata guda, sannan suka fara yajin wata guda kafin ranar da ake tsananin bukatarsu. Wata biyu ke nan na neman madadi. Sun nemi kuɗi ɗaya ga kowa, gwani da sabon shiga, a sana'ar da kowa ke alfahari da cewa ya fi na kusa da shi iya zarge, abin da ya ba manajoji damar jan gwanaye gefe ɗaya bayan ɗaya. Sun yi barazana a takarda ga mai karya yaji, alhali ba su da yadda za su tsare ƙofar wurin aikin da faɗinsa ya kai wata ƙasa. Masu gandu biyar kuwa ɗaki ɗaya ya ishe su shawara.

Abin da ya biyo baya

Sunayen masu yajin suka shiga baƙin littafi, gandayen ƙungiya suka daina ɗaukarsu. Wasu suka bar yankin. Wasu suka tsallaka New Mexico, Harris na cikinsu, suka kafa nasu kiwon, wanda mutane suka laƙaba wa suna kamfanin ramuwar gayya. Satar shanu ta ƙaru a Kogin Canadian, masu gandu suka ce ga shi nan, dama mun faɗa. Mutum ya ƙware a abu ɗaya tak a duniya, an hana shi yin sa da lada, an hana shi yin sa don kansa. Ba a bukatar boka ya faɗi inda zai nufa. Wasu ɓarayi ne tun asali, wasu kuwa ƙananan masu shanu ne da aka haɗa su a buhu ɗaya.

A 1884 manyan gandaye suka ɗauko Pat Garrett, wanda ya harbe shahararren ɗan bindiga Billy the Kid a 1881, ya jagoranci wata rundunar sintiri da akasarin mutanenta yaran LS ne. Gwamna John Ireland ya hana ɗaukar bindiga a yankin, hukumar gundumar Oldham, wadda Tascosa ke cikinta, ta haramta wasu lalas na ƙananan makiyaya. Garrett bai daɗe ba ya ajiye aikin, amma ya bar Tascosa a rabe biyu, mutanen manyan gandaye da mutanen ƙanana. Daren 21 ga Maris 1886 aka yi musayar wuta a garin. Mutum uku na LS suka mutu, Ed King da Frank Valley da Fred Chilton, da wani mai gidan abinci, Jesse Sheets, wanda ya leƙo kawai ya ga abin da ke faruwa. A baki rigimar mace ce. Kowa a garin ya san tsohon miki ne aka fama. Wannan dare guda shi ne ya fi kama da kaboyin silima a duk labarin, kuma shekara uku na rigimar albashi da lalas ne suka haife shi.

Wanda ya raba gardamar a ƙarshe waya ce mai ƙaya. Joseph Glidden ya yi rajistar irin tasa a 1874, kuma tun kafin yajin shi da Henry Sanborn sun kewaye gandunsu na Frying Pan da ita, a nan Panhandle ɗin. Masu gandu suka ja wani dogon shinge a arewacin kogin don tare shanun da ke gangarowa daga Kansas da hunturu. A Janairun 1886 guguwar ƙanƙara ta koro shanun, suka iske waya, suka tsaya a jikinta suka daskare dubbai. Farashi ya faɗi, kamfanoni da dama suka karye, waɗanda suka rage suka sayi ƙasa ko suka yi hayarta suka kewaye. Shanun da ke cikin shinge ba sa bukatar mahaya da yawa, ba sa kuma haifar maraƙin da ba a san mai shi ba. Kaboyi ya koma gyaran waya, shafa wa famfon iska mai, da yankan ciyawa, aikin da a dā yake ganin ya fi ƙarfinsa tunda ba a kan doki ake yi ba.

Gandun XIT, eka miliyan 3 da jihar Teksas ta ba wasu 'yan kasuwar Shikago a madadin gina mata majalisa a Austin, ya fitar da dokokinsa a rubuce a 1888. Ba ɗaukar bindiga, ba caca, ba giya. Ma'aikaci ba zai mallaki shanu a gandun ba. Masu yawon neman abinci kuma kada a sauke su a kowane sansani, wato har tuwon hunturun nan na kyauta an toshe.

Tascosa ma ba ta kai labari ba. Jirgin ƙasa ya zo a 1887 ya bi ta ɗaya gaɓar kogin, shingayen gandaye suka datse hanyoyin shiga garin, a 1915 aka mai da hedikwatar gunduma garin Vega. A 1939 Cal Farley ya buɗe gidan renon yara maza a kangon, suka fara da tsohon ginin kotu. Takardar mutum 24 ɗin tana gidan tarihi na Panhandle-Plains a garin Canyon, wanda aka gina a filin da shanun T Anchor suka yi kiwo, gandun da bai tsaya ko tayi ba ya kori masu yajin.